Daga Dufuna Zuwa Bagwai: Tarihin Jirgin Katako Da Masu Gyaransa

Mai karatu, na san za ka yi mamakin ganin ni da na saba yi maka sharhin finafinai a wannan fili, yau na ɓuge da maganar jirgin ruwa. Mamakin zai ƙaru idan ka ji cewa a Ƙauyen Alu nake zaune, cikin Tarauni, unguwar da babu kogi babu tafki, in ban da ruwan da kan kwanta mana a lungu da damina idan kwatoci suka toshe. To ka yi haƙuri, ai fim ɗin ne ya jawo maganar.

Kwanakin baya wani abokina da muka yi difloma tare ya turo mini wani tsohon fim da aka ɗauka a ƙasar Nijar cikin 1951. Wani Bafaranshe ne mai suna Jean Rouch ya yi shi, sunansa *Bataille sur le grand fleuve*, wato yaƙi a kan babban kogi, kuma labarin masunta ne masu farautar dorina a kogin Kwara. Ina zaune ina kallo a kwamfuta a ƙofar shagon wani dattijo kafinta maƙwabcinmu, wanda tun tasowata na san shi yana yin gado da kabad na amare. Da aka zo wurin da masuntan ke haɗa babban jirgin da za su fita farauta da shi, sai na ji zarto ya yi shiru a bayana.

"Yaro, mayar da shi baya in gani," in ji shi.

Na mayar. Ya ce in sake. Sai da muka kalli wurin sau uku, sannan ya zauna a kan bencin ya ce, "Wannan aikin kakana ne. Mu a nan muka buɗe ido." Ashe Baba mutumin ƙasar Yawuri ne, yana yaro ruwan Kainji ya ci garinsu, daga baya neman abinci ya kawo shi Kano. Shekara da shekaru muna gaisawa safe da yamma, ban taɓa sanin masassaƙin jirgi ne ɗan masassaƙin jirgi ba. Kunyar wannan ce ta sa na shiga bin diddigin sana'ar, kuma abin da na tarar shi ne na ga ya dace in kawo maka.

Jirgi kafin jirgi

Mu fara da kalmar kanta. Yau idan ka ce wa yaron Kano "jirgi", sama zai duba. Amma kafin layin dogo ya iso Kano a 1911, kafin jirgin sama na farko ya sauka a Kano a 1925, Bahaushe yana da jirginsa, shi ne wannan na itace da ake fito da shi. Da baƙin suka zo sai aka ara musu sunansa, aka ce jirgin ƙasa, aka ce jirgin sama. Har shi mai sunan ya koma sai an yi masa ƙarin bayani, an ce jirgin ruwa ko kwalekwale.

Tsufan wannan sana'a a ƙasarmu ya wuce yadda kake zato. Idan ka hau Titin Maiduguri daga nan wajenmu, ka haye gadar Wudil, ka wuce Azare da Potiskum, za ka shiga ƙaramar hukumar Fune ta Jihar Yobe. A can akwai wani ƙauye, Dufuna, kusa da kogin Komadugu Gana. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya, sai ya ci karo da wani abu mai tauri a zurfin wajen mita 5. Jirgi ne na itace guda da aka fafe, tsawonsa mita 8.4, faɗinsa kamar rabin mita. Masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus, a ƙarƙashin Abubakar Garba da Peter Breunig, suka yi aikin tono shi, aka ɗago shi a 1998. Gwajin da aka yi a Jamus ya nuna ya kai shekara 8,000. Shi ne jirgi mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka, kuma yana cikin 'yan ƙalilan mafiya tsufa a duniya baki ɗaya.

Abin da ya fi ɗaure wa masanan kai shi ne kyawun sassaƙar. Gabansa da bayansa an fiƙe su sumul, kaurin jikinsa bai wuce santimita 5 ba, kuma duk da gatarin dutse aka yi, domin a lokacin ba a san ƙarfe ba. Ka ga ke nan wanda ya yi shi ba ɗan koyo ba ne, ya gaji aikin ne daga wasu da su ma suka gada. An kai jirgin Damaturu, aka jiƙa shi a cikin wani sinadari na tsawon shekaru, domin itacen da ya daɗe a cikin danshi idan ya bushe farat ɗaya tsagewa yake yi ya marmashe. Ko ba komai, wannan shi ne babban aikin ceto tsohon jirgi da aka taɓa yi a ƙasar nan. Ka tambayi kanka, mutum nawa ka sani da suka taɓa jin labarinsa?

Kabawa, Sarkawa da Gungawa

A ƙasar Hausa, cibiyar sana'ar jirgi tana yamma, wajen Kabi da Yawuri. Masu ba da tarihin Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16 ya gina birnin Surame, suna cewa yana da wani jirgi da aka lulluɓe da tagulla, wanda mutum hamsin ke tuƙawa idan ruwa ya cika fadama. Ko da an yi ƙari a labarin, ya nuna maka cewa a wancan zamani jirgi kayan sarauta ne kamar doki.

Sarkawa, waɗanda asalinsu Sorko ne na ƙasar Sangai, sun biyo Kwara suka zauna a Kabi da Yawuri har suka rikiɗe suka zama Hausawa, daga nan kuma suka bazu da sana'ar su har Binuwai. Su kuwa Gungawa a tsibiran tsakiyar kogi suke zaune, wato gungu, inda ko gaisuwar mutuwa za ka je sai da jirgi. A irin waɗannan garuruwa ne aka sami sarautu kamar Sarkin Ruwa da Sarkin Jirgi, masu kula da mashigi, da masu fito, da lokacin da za a shiga ruwa da lokacin da za a bar shi ya huta.

Jirgin iri biyu ne. Akwai na itace guda, wanda ake samun ƙaton maɗaci ko ƙawo a sare, a fafe shi da gizago. Akwai kuma na ɗinki, domin a can arewacin Kwara manyan itatuwa ba su da yawa, sai a haɗa guntaye, a huda su, a ɗinke da igiya, a toshe kafofin. Irin wannan jirgi kullum cikin shan gyara yake. Mai shi ya san haka, shi ya sa masassaƙi ba ya nisa da bakin ruwa.

Hatta Baturen da aka koya mana a makaranta cewa shi ya "gano" Kwara, da gyararren jirgi ya yi tafiyarsa. Waɗanda suka karanta littafin *Mungo Park Mabuɗin Kwara* na Malam Nuhu Bamalli za su tuna da shi. A 1805, a garin Sansandin da ke ƙasar Mali ta yau, Mungo Park ya sami tsofaffin jirage da rabin jikinsu ya ruɓe. Sai ya yanke ruɓaɓɓen ya zubar, ya haɗa masu kyan, ya tayar da jirgi guda mai tsawon ƙafa 40, ya sa masa suna Joliba. Wannan ɗan kwaskwarimar ya ɗauko shi tun daga can, ya wuce Tambutu da Gawo har ya iso Yawuri. A duwatsun Busa ne tafiyar ta ƙare a 1806, inda shi da mutanensa suka halaka. Wato dai dabarar da ta kawo shi ƙasarmu, dabarar masu kogin ce, ya tarar suna yi.

Ranar nuna gwaninta

Duk sana'ar da ta kafu tana da ranar bikinta. A Argungu, bikin kamun kifi da duniya ta sani ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai ziyara ga Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta rufe babin tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Jama'a sun fi sanin ranar da dubban masunta ke rugawa cikin Matan Fada da koma da gora. Amma akwai kabanci, inda ake tseren jirage, da nutso, da kamun agwagwar ruwa, da kamun kifi da hannu. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

A Yawuri kuma akwai Rigata, bikin da jirage ke fitowa jere, an yi musu ado, ana kiɗa ana tsere ana nuna yadda ake tunkarar dorina. Ya daɗe a kwance kafin masarautar da gwamnatin Jihar Kebbi su farfaɗo da shi a 'yan shekarun nan. Baba ya ce a zamanin yarintarsa, kafin ranar irin wannan wasa, sai an yi makonni ana aiki a bakin ruwa. Kowane gida ya jawo jirginsa kan tudu, yara na ɗebo tsumma da igiya, mata na kawo fura, tsofaffi na zaune suna nuna inda aka yi kuskure. A cewarsa, "Ranar wasa ai kallo ne kawai, ɗana. Bikin na gaskiya shi ne gyaran."

Na tambaye shi yadda ake yi. Ya ce idan ruwa ya ja baya sai a kife jirgi, a bi shi da ƙeyar gizago ana ƙwanƙwasawa ana saurare. Itace mai lafiya amonsa daban, wanda ya fara ruɓewa daga ciki amonsa daban. Inda ya mutu a yanke shi, a sassaƙa wani daidai wurin a dasa. Sai a cusa auduga ko tsumma da aka jiƙa da man kaɗe a cikin kafofin, daga baya da kwalta ta samu aka koma narka ta ana shafewa. Idan an gama kuma ba a ɗora masa kaya nan take, sai an nutsar da shi cikin ruwa kwana biyu ko uku itacen ya sha ya kumbura, ya matse kansa. Ya ce mahaifinsa kan ce sana'ar Annabi Nuhu ce, wanda ya yi ha'inci a cikinta da ran mutane ya yi wasa.

Masuntan da suka yi sharhin fim

Bari in koma kan fim ɗin da ya jawo maganar, domin akwai darasi a cikinsa ga mu 'yan industiri. Jean Rouch bai ɗauki kyamara ya faɗa wa mutane haka kawai ba. Tsakanin 1946 da 1947 shi da abokansa biyu sun bi Kwara a jirgi tun daga mafarinta har teku. Babban abokin aikinsa, Damouré Zika, ɗan gidan Sorko ne. A fim ɗin na 1951 ya bi masuntan yankin Ayoru wata da watanni, tun daga haɗa jirgi da ƙera masu, har zuwa arangamar da suka yi da wani tsohon toron dorina wanda ya farfasa musu jirgin ya tsere. Bai ɓoye wannan faɗuwa ba, da ita fim ɗin ya ƙare.

A 1954 ya koma Ayoru da janareto, ya kafa farin ƙyalle ya nuna musu. Da suka gama kallo sai suka ce masa ya yi kuskure. Ya sa kiɗa a wurin farauta, alhali kuwa dorina tana ji a ƙarƙashin ruwa, kuma kiɗa ƙarfin hali zai ƙara mata. Farautar dorina shiru ake yin ta. Rouch ya karɓi gyara, ya cire kiɗan. Ni dai a matsayina na mai sharhi ban taɓa jin sharhin da ya kai wannan ba. Mutumin ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, aka binne shi a Yamai, amma albarkacin aikinsa ga shi wani tsoho a Ƙauyen Alu ya ga hannun kakansa bayan shekara saba'in.

Abin da ya sauya

To me ya faru da sana'ar? Abu na farko madatsun ruwa. An gama dam ɗin Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsohuwar Busa da tsibirai masu yawa, aka tashi mutum fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni. Kogin da kowane matuƙi ya san duwatsunsa kamar tafin hannunsa ya koma makeken tafki mai igiyar ruwa, ga kututturan itatuwa a nutse ba a ganinsu. A nan Kano ma, tun daga zamanin Gwamna Audu Baƙo aka shiga gina dam: Bagauda, da Tiga da aka gama a 1974, daga baya Watari a Bagwai, da Challawa a 1992. Sun kawo noman rani da ruwan sha da kifi, babu mai musun wannan. Sai dai kuma sun raba wasu ƙauyuka da kasuwarsu da asibitinsu, ta yadda manomin da bai gaji ruwa ba ya wayi gari dole sai ya shiga jirgi. Fito ya zo wa mutane da rana tsaka, ba tare da tsofaffin ƙa'idojinsa sun biyo shi ba.

Abu na biyu, manyan itatuwa sun yi ƙaranci. Maɗacin da zai ba da jirgi guda sai an sha wuya kafin a same shi, don haka aka koma sayen katako daga kudu ana bugawa da ƙusa. Jirgin katako ba laifi ba ne, ya ma fi ɗaukar kaya. Amma yana da kafofi da yawa, ƙusa tana tsatsa, kuma idan an yi da ɗanyen katako mai araha, 'yan shekaru kaɗan ya gama yayinsa. Na uku kuma inji. Da aka ɗaura wa jirgi inji sai ya ƙara girma da gudu, girgizar injin tana sassauta ƙusoshi, kuɗin mai kuma ya sa mai jirgi ba ya tashi sai ya cika maƙil. Jirgin da ke kawo kuɗi kullum, wa zai kife shi mako biyu don a ƙwanƙwasa a saurara? Aka bar gyara sai ranar da ruwa ya fara shiga, alhali Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Sakamakon kuwa mun gan shi. A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara a Jihar Kebbi ɗauke da mutum fiye da 150 ya dare a tsakiyar ruwa, 'yan kaɗan ne suka tsira. Wata shida bayan haka, ranar 30 ga Nuwamba, abin ya zo gida. Jirgin da ya ɗauko mutane daga Hayin Badau zuwa Bagwai ya kife a dam ɗin Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara 'yan Islamiyya masu tafiya Mauludi. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 'yan biki suka halaka a yankin Patigi na Jihar Kwara. Kusan kowane lokaci bayanin ɗaya ne: lodi ya yi yawa, jirgin ya tsufa, dare ya yi, babu rigar ruwa.

Ina mafita?

Akwai hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lakwaja. A 2025 ministan da ke kula da harkokin ruwa, Adegboyega Oyetola, ya yi kira ga jihohi da su daina amfani da jiragen katako wajen jigilar mutane, a koma na roba da na alminiyam. Niyyar mai kyau ce, rabon rigunan ruwa ma abin yabo ne. Amma mai karatu, mu faɗa wa juna gaskiya. Dubban jiragen da ke Yawuri da Wudil da Haɗeja da Baga ba za su ɓace cikin shekara ɗaya ko goma ba, kuma talakan da ke fito da su ba shi da kuɗin na roba. Kafin sabon ya zo, wa zai duba tsohon da yaranmu za su shiga gobe da safe?

Wasu ƙasashen sun bi wata hanya. A Roskilde ta ƙasar Danmak, an tono wasu tsofaffin jirage biyar daga ƙarƙashin ruwa a 1962. Ba su tsaya ga ajiye su a gidan tarihi ba, sai suka buɗe ɗan wurin sassaƙa a gefensa, inda ake ƙera irinsu da gatari a gaban jama'a, matasa na koyo, baƙi na shiga suna tuƙawa. A 2021, shekarar Wara da Bagwai, UNESCO ta karrama sana'ar ƙera jiragen katako ta ƙasashen arewacin Turai. Jiragensu ba su fi shekara dubu ba. Namu na Dufuna ya ninka su sau takwas.

Ba abin da zai hana a yi irin wannan a bakin Tiga ko Watari ko Wudil. Rumfa ce, da kayan aiki, da tsofaffi biyu ko uku irin su Baba a ba su albashi, da doka cewa duk jirgin haya sai an kife shi an duba sau ɗaya a shekara, a zana masa layin da ruwa ba zai wuce ba. Ranar da aka gama duban sai a yi wasan ruwa, kamar yadda ake yi a da. Kuɗin da za a kashe bai kai na ta'aziyya da gudummawar da ake kaiwa bayan an yi asara ba.

Mu kuma 'yan fim, namu laifin a bayyane yake. Tun daga *Turmin Danya* a 1990 zuwa yau mun yi dubban finafinai. Sau nawa muka je bakin dam? Ba adadi. Amma me muke yi a can? A sa yarinya da saurayi a kwalekwale su yi waƙa, a sallami mai jirgin da ɗan abin da ya samu, ko fuskarsa ba a nunawa. Ga labari a zaune a bayan jirgin yana riƙe da filafili, mun juya masa ƙeya. Furodusan da ke kukan labari ya ƙare, ya je Yawuri ya zauna wata guda da masassaƙa, idan ya gama kuma ya koma ya nuna musu su yi masa gyara kamar yadda mutanen Ayoru suka yi.

Jiya da yamma na tarar Baba ya sassaƙa wa jikansa ɗan ƙaramin jirgi da ragowar katakon gado, tsawon hannu ɗaya. Na ce, "Baba, ina za a tuƙa shi a Ƙauyen Alu?" Ya yi dariya ya ce, "Bari damina ta zo, ai lungunku ya isa." Na roƙe shi ya bar ni in zo da kyamara ran Juma'a ya yi mini bayanin ɗinkin jirgi tun daga farko, ya ce in zo da wuri kafin a tafi masallaci.

Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, ya ba iyayensu haƙuri, mu kuma ya sa mu gyara tun da sauran lokaci.